Dazukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Aikin da ke jiran Ma'aikatar Shari'a ta Katsina

A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamnan Jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sanya hannu a kan wani umarni na daƙile matsalar tsaro. Umarnin ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A cikin jerin sharuɗɗan akwai wani da bai ja hankalin jama'a sosai ba: an haramta wa manyan motoci ɗauko itacen girki daga daji.

Manufar haramcin ita ce toshe hanyoyin da kaya da labarai ke bi su isa ga 'yan bindiga. Duk da haka, sharaɗin ya bayyana yadda hukuma ta koma kallon dazukan wannan yanki. Bishiya ta samu kariya a wancan lokaci ne albarkacin tsaro, kuma kariyar da aka rataya a kan umarnin gaggawa takan tafi tare da gaggawar. Tambayoyin da suka girmi ta'addanci suna nan inda aka bar su: ina iyakar gandun daji ta tsaya, wane ne ke da ikon yanka gona a gefensa, ta ina shanu za su bi, wa zai biya diyya idan haƙar ma'adinai ta gurɓata rijiyar gari?

Waɗannan tambayoyi ne na doka, kuma ofishin da tsarin mulki ya ɗora wa nauyinsu a matakin jiha shi ne na Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a. Soja na iya korar 'yan bindiga daga daji, amma takardar da za ta tabbatar da mallakar dajin da iyakarsa a gaban alƙali daga teburin lauyoyin gwamnati take fitowa.

Daji ɗaya, gwamnoni uku

Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Daga arewa dajin Rugu ya gangaro ta Batsari da Safana da Ɗanmusa. A ƙasar Faskari akwai gandun dajin Kogo. A hayin iyaka akwai Kamuku a Birnin Gwari da Kuyambana a Zamfara. Ga makiyayi ko mai saran ice ko ɗan bindiga, wannan shimfiɗa ce guda mai ƙofofi da yawa. A idon doka kuwa yankuna ne na gwamnoni uku da majalisun dokoki uku.

Yankin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar, shi ya sa masara da dawa da auduga da waken suya suke yi a cikinsa. Hatsin da ake lodi a kasuwannin Ɗandume da Sheme da Funtuwa yana isa Kano da Kaduna har da kudancin ƙasar nan. Don haka duk abin da ya taɓa ƙasar noma da dazukan yankin yakan bayyana a farashin mudu a birni.

A daren 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka nausa daji da su. A cikin wannan wata ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙirƙiro sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Kogo a Katsina da Falgore a Kano. Labarin farko ya zagaya duniya. Na biyun ya wuce shiru, alhali shi ne ya shafi makomar ƙasar da dubban manoma da makiyaya suka dogara da ita.

Wa ke da iko da me?

Wahalar lauyan gwamnati a wannan fage ta samo asali ne daga yadda aka rarraba iko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har kadada 500 domin noma da kadada 5,000 domin kiwo, kafin a buƙaci amincewar gwamna. Gandayen daji na jiha suna ƙarƙashin dokokin da jihohin Arewa suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa, haka ma wuraren kiwo da Dokar Keɓe Makiyaya ta 1965 ta tanada.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na Tarayya ne. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, sashe na 251 kuma ya keɓe shari'unsu ga Babbar Kotun Tarayya. Gandun daji na ƙasa shi ma yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, sai dai tsarin mulki ya gindaya cewa dole a samu amincewar gwamnatin jihar da dajin yake.

Ke nan a fili guda a ƙasar Faskari, saman ƙasa na hannun gwamna, izinin gonar na iya fitowa daga ƙaramar hukuma, dutsen da ke ƙarƙashi na Abuja ne, dajin da ke gefe kuma yana kan hanyar komawa hannun Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa. A zahiri kuma, mutumin da manomi ya fi sani idan ana maganar fili shi ne dagaci ko mai unguwa. Duk inda waɗannan iko suka haɗu ba tare da rubutacciyar iyaka ba, mai ƙarfi ne ke cin riba.

Tsohuwar dokar gandun daji ta san da wannan haɗari. Kafin a keɓe daji, sai an buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, a naɗa jami'in da zai saurari mazauna wurin, a rubuta haƙƙoƙin da aka amince musu da su, kamar ɗibar ruwa da tsintar busasshen ice da bin hanya. Cire wani yanki daga gandu shi ma sai da sanarwar gazet. Gonar da aka yanka a cikin gandu ba tare da bin wannan hanya ba tana tsaye ne a kan rairayi, ko da an shekara 30 ana nomanta. Idan batun miƙa Kogo ya kai ga kafa turakun iyaka, irin waɗannan gonaki da rugage ne za su fara shiga tsaka mai wuya, domin dokar gandayen ƙasa ta hana kiwo da farauta da saran ice a cikinsu sai da izini.

Lauyan gwamnati, kuma lauyan jama'a

Sashe na 195 na tsarin mulki ya ce kowace jiha za ta samu Antoni Janar, wanda shi ne babban jami'in shari'arta. A Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya naɗa Barista Fadila Muhammad Dikko a wannan muƙami a 2023. Sashe na 211 ya ba mai riƙe da ofishin ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wata hukuma ta shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Sashen ya ƙara da cewa wajen amfani da wannan iko dole a dubi maslahar jama'a da buƙatar adalci da hana wasa da kotu.

Ta fuskar muhalli, ayyukan ofishin sun kasu huɗu. Shi ne ke rubuta ƙudurorin doka da umarnin gwamna. Shi ne ke duba yarjejeniyoyin da jiha ke ƙullawa da kamfanoni da Gwamnatin Tarayya da masu ba da lamuni. Shi ne ke gurfanar da waɗanda suka karya dokokin jiha. Shi ne kuma ke kare gwamnati idan an kai ta ƙara.

Aiki na uku da na huɗu sukan yi karo da juna. Lauyan da zai gurfanar da talakan da aka kama da buhun gawayi, shi ne zai tsaya wa gwamnati idan mutanen wani ƙauye suka yi ƙarar cewa an ba wani attajiri ɗaruruwan kadada a cikin gandu. A irin wannan shari'a, doka ta ba lauyan gwamnati makamai masu kaifi. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce ƙarar da ba a shigar cikin wata uku da aukuwar abin ba ta faɗi. Hukumomi da yawa ba a kai su kotu sai an ba su sanarwa tukuna. Ita NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, dokarta ta 2007 ta tanadi wata guda. Ko an ci nasara a kan gwamnati, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya buƙaci amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Waɗannan kariya halastattu ne, kuma an yi su ne don kada a daƙile aikin hukuma da ƙararrakin banza. Illarsu ita ce, ɓarnar muhalli ba ta cika bayyana cikin wata uku ba. Rijiyar da ta gurɓace ko gonar da zaizaya ta cinye takan ɗauki shekaru kafin mai ita ya gano sanadin. Idan ofishin ya saba da kayar da ƙara a bakin ƙofa, gwamnati za ta yi nasara a kotu, ƙorafin kuma ya koma ƙauye yana ruruwa.

Yadda ƙofar kotu ta buɗe

Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce gwamnati za ta kare muhalli, ta inganta shi, ta tsare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Amma sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Shekaru da dama lauyoyin gwamnati da na kamfanoni sun fake da wannan katanga, tare da hujjar cewa mai ƙara bai nuna yadda abin ya shafe shi fiye da kowa ba.

Katangar ta fara tsagewa tun 1991, lokacin da Kotun Ƙoli, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, ta ce mutum na iya kai ƙara a kan abin da ke cutar da jama'a ba sai ya jira izinin Antoni Janar ba. A 2005, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a shari'ar Jonah Gbemre da kamfanin Shell, ta yanke cewa ƙona iskar gas a yankin Iwherekan ya saɓa wa 'yancin rayuwa da mutuncin ɗan Adam. A 2018 kuma Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata ƙungiya mai sa ido kan malalar mai ta shigar da kamfanin NNPC, ta amince cewa ƙungiyar sa-kai tana da hurumin kai ƙara domin kare muhalli, ta kuma jingina da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar doka.

Waɗannan shari'u daga kudancin ƙasar nan suka fito, amma hukuncin Kotun Ƙoli yana aiki a Sabuwa kamar yadda yake aiki a Fatakwal. Ƙungiyar manoma ko ta makiyaya ko ta ci gaban gari tana da hanyar da ba ta da ita shekara 30 da suka wuce. Ma'aikatar Shari'a da ke da hangen nesa za ta ɗauka cewa irin waɗannan ƙararraki suna tafe, ta gyara takardun gwamnati tun kafin a buƙace su a kotu.

Akwai kuma Dokar Auna Tasirin Ayyuka ga Muhalli ta 1992. Ta wajabta bincike kafin a mayar da dajin da ya kai kadada 500 gonaki, ko a buɗe sabon wurin haƙar ma'adinai da ya wuce kadada 250, tare da baje rahoton domin jama'a su yi tsokaci. Hukuncin da ta tanada ga mutumin da ya ƙi bi shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar. A 1992 wannan tara dukiya ce. A yau ba ta kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Haka lamarin yake ga duk wata dokar daji ta jiha da ba a sabunta tararta ba: mai lodin gawayi zai lissafa ta cikin kuɗin hanya, ya ci gaba da sana'arsa.

Darasin dalma daga maƙwabta

An daɗe da sanin Ƙanƙara da arzikin farar ƙasa, wadda ake amfani da ita wajen yin tangaran da fenti da takarda. Ƙasashen da ke kewaye da Faskari da Sabuwa, wato Zamfara da Birnin Gwari, sun yi suna da zinare. Abin da ya faru a can ya isa gargaɗi.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Masu haƙar zinare suna kawo dutse gida, ana daka shi ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana shiga abinci da jikin yara. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi musu magani. Garin Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin share shi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na Jihar Neja. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tsaro, ba ta ɗage ba sai a Disambar 2024.

Sau da yawa jihohi kan ce ma'adinai ba huruminsu ba ne. Gaskiya ne lasisi daga Abuja yake fitowa, kuma sashe na 22 na Dokar Ma'adinai ta 2007 ya fifita haƙar ma'adinai a kan sauran hanyoyin amfani da ƙasa. Amma dokar ba ta bar jiha hannu rabbana ba. Sashe na 19 ya kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, wanda wakilan jihar ke ciki. Sashe na 116 ya wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Lafiyar jama'a da tsabtar ruwan sha da diyyar gonaki duk suna cikin abin da jiha ke da ta cewa a kai.

Ƙauyen da ba shi da lauya, idan kamfani ya kawo masa takarda mai shafi 20 da Turanci, yakan sa hannu a kan alƙawarin rijiyar burtsatse da aji biyu. Samar da daidaitaccen samfurin irin wannan yarjejeniya da Hausa, tare da lauyan gwamnati da zai zauna a gefen al'umma ranar sa hannu, aiki ne da bai fi ƙarfin ma'aikata ba, kuma ya fi sauƙi a kan share ƙauyen da guba ta mamaye.

Sulhu da batun burtali

A 2025 al'ummomin ƙananan hukumomi da dama na Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga. Abubuwan da aka fi ji daga tarukan su ne barin manoma su shiga gonakinsu, sako waɗanda aka sace, da barin mazauna daji su shigo kasuwa. Ra'ayoyi sun bambanta a kan hikimar wannan sulhu, musamman ga waɗanda suka tuna yadda na zamanin Masari, ciki har da na 2019, ya wargaje.

Ko wane ra'ayi mutum yake da shi, abu guda a fili yake. Da zarar hanya ta buɗe, masu komawa daji suna da yawa: manomin da ya gudu zai dawo gonarsa, makiyayi zai nemi mashayarsa, mai gawayi zai dawo da motarsa, mai neman fili mai arha zai zo da kuɗinsa. Cinye burtali da makiyaya yana cikin ƙorafe-ƙorafen da aka daɗe ana ambatawa a matsayin tushen rikicin manoma da makiyaya a Arewa maso Yamma. Hakan ba ya wanke wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mutane, kuma hukunta shi yana cikin aikin wannan ofishi. Amma barin tushen a yadda yake tamkar share toka ne a bar garwashi.

Alƙawarin baki da aka yi a gindin bishiya ba ya maye gurbin taswira da gazet. Burtalin da aka auna, aka kafa masa turaku, aka buga a gazet, shi ne alƙali zai iya karewa idan wani ya nome shi. Haka ma gonar da ke da takarda ita ce za a iya biya wa diyya idan shanu suka shiga. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da masu gadin daji da Shugaba Bola Tinubu ya amince a kafa a 2025, za su iya tsare iyakar da doka ta shata ne kawai. Inda ba a shata ba, mai gadi zai koma alƙali da kansa, kuma daga nan zalunci da cin hanci kan samo ƙofa.

Abin da wasu suka yi

Misali mafi kusa yana hayin iyakar Jibiya. Jamhuriyar Nijar ta kafa tsarin dokar karkara a 1993, wanda ya samar da kwamitocin filaye daga matakin ƙauye zuwa sama, inda jami'an gwamnati da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya ke zama tare su rubuta gonaki da hanyoyin dabbobi. Dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan bishiyoyin da ke gonarsa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun rayar da miliyoyin bishiyoyi, musamman gawo, ta hanyar barin tohon da ya fito su riƙa yi masa sassabe. Masana da dama sun danganta wannan nasara da sauyin da ya sa manomi ya daina ganin bishiya a matsayin kayan malamin daji. Tsarin bai kawar da rikici a Nijar ba, amma ya nuna abin da sauyin doka ke iya yi wa ƙasa mai yanayi da al'ada irin na Katsina.

A Amurka, Ma'aikatar Shari'a tana da sashe na musamman mai kula da muhalli da albarkatun ƙasa, wanda aka kafa tun 1909 domin shari'un filayen gwamnati. Lauyoyinsa suna gurfanar da masu gurɓata muhalli, suna kuma kare hukumomin gwamnati idan an kai su ƙara. Bayan malalar mai ta 2010 a Tekun Meziko, gwamnatin tarayya da jihohi biyar na gaɓar tekun sun cim ma yarjejeniyar fiye da Dala biliyan 20 da kamfanin BP. Indiya ta kafa kotun muhalli ta musamman a 2010, Kenya kuma tsarin mulkinta na wannan shekara ya tanadi kotun muhalli da filaye. Abin da ya haɗa su shi ne fahimtar cewa shari'ar muhalli tana buƙatar lauyan da ya iya karanta taswira da sakamakon gwajin ruwa, wanda kuma zai daɗe a kan aikin.

Abin da ke hannun jiha

Katsina tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wanda aka yi wa hukuma ta doka a 2015. Tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke amfana da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince wa Dala miliyan 700 a Disambar 2021. Rance ne da za a biya. Bishiyar da aka dasa da bashi a filin da ake jayayya a kansa tana iya zama gawayi kafin a gama biyan kuɗinta.

Akwai matakan da jiha za ta iya ɗauka ba tare da jiran Abuja ba. Na farko, a tattaro gazet da taswirar kowane gandu da makiyaya da burtali a ƙananan hukumomin uku, a kwatanta da abin da ke ƙasa a yau, a buga sakamakon kowa ya gani. Na biyu, a kai wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin sabunta dokar daji, mai tara da ta dace da zamani, wadda za ta bambanta matar da ta tsinto ƙiraren girki da mai tirelar gawayi. Na uku, a keɓe lauyoyi a ma'aikatar da aikinsu zai zama muhalli da filaye da ma'adinai, su yi aiki tare da Ma'aikatar Muhalli da ofishin safiyo. Na huɗu, duk takardar miƙa Kogo ta fayyace haƙƙin ƙauyukan da ke kewaye da diyyar wanda za a tasa. Na biyar, Antoni Janar na Katsina da na Zamfara da na Kaduna su daidaita dokokinsu, domin motar da aka hana lodi a Sabuwa kada ta yi lodi a ƙauyen da ke hayin rafi.

Mazaunin birni yana da ruwa da tsaki a wannan batu. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da ice, har da gidajen ma'aikata masu albashi. Ɗan kasuwar da ke sayen gawayi buhu-buhu yana buƙatar doka bayyananniya da lasisin da zai nuna a shingen hanya, maimakon ciniki da kowane mai kaki. Dillalin hatsi yana buƙatar manomin Faskari ya yi shuka da tabbacin cewa shi zai girbe. Ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a kan takardar fili kuma yana buƙatar shawarar lauya a rubuce, domin ranar da ƙara ta tashi sunansa ne a jikin takardar.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Lokacin da ya fi dacewa a shata iyakokin dazukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shi ne kafin jama'a su gama komawa cikinsu, tun kowane ɓangare yana da buƙatar a sasanta. Idan aka bari har gonaki suka sake tsayawa, rugage suka kafu, ramukan haƙa suka yi zurfi, kowace turka da za a kafa sai ta tashi wani daga wurin da ya riga ya ɗauka nasa ne. A ranar, fayil ɗin zai dawo teburin Ma'aikatar Shari'a, amma a matsayin ƙara.